Kawuna Ashirin da Bakwai

Lado mai hoto na Yako ba ya kallon taro yadda sauran mutane suke kallo. In kai ka ga 'yan biki sun jeru ka ce masha Allah an cika, shi leɓɓansa za ka ga suna motsi, yana ƙirga kawuna. Haka ubangidansa Ghali ya koya masa a Tudun Wada tun zamanin fim: duk kan da ya fito a hoto, kwafi ɗaya ne. Ba a tambayar mutum ko yana so. Ka ɗauka, ka kai fim Kano a wanke, ka dawo ka bi gida-gida, kowa ya ga fuskarsa sai ya sa hannu a aljihu. Ghali yakan ce bai taɓa ganin ɗan Adam ɗin da zai ga kansa a kati ya bar shi a hannun wani ba. Shekara ashirin wannan magana ba ta yi wa Lado ƙarya ba.

Da ƙirgen kawuna ya auri Saude, da shi ya rufa ɗakuna biyu da kwano, da shi ya sayi babur. Ranar salla kuwa ko ruwa ba ya samun sukunin sha. A zaurensa akwai labule mai hoton bene, da furen roba, da wata matacciyar wayar tarho da 'yan mata suke karawa a kunne suna murmushi kamar da gaske wani yana magana. Lado yakan yi musu dariya. Bai san cewa wata rana wayar gaske za ta shigo hannun kowa da kyamara a bayanta ba.

Da ta shigo, ba rana ɗaya ta kashe shi ba. A hankali ta bi shi. Biki ya fara tafiya, suna ya bi baya, salla ta zama ranar zaman banza. Hoton fasfo ya ɗan riƙe shi, har aka buɗe shagon kwamfuta a Kiru inda ake yi wa mutum yana tsaye. Abin da ya rage masa shi ne tsofaffin hotuna, wanda ruwa ya taɓa, wanda gara ta ci gefensa, wanda ya koɗe. A wata guda a kawo ɗaya, wani watan ko ɗayan babu. An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, to amma mutum ɗan shekara hamsin da huɗu da bai iya komai ba sai "ku matso, ku daina motsi", ina zai koyo sabuwar rawa? Ya koma gonar gado, ya zama manomi mai jakar kyamara.

A daminar da ake magana, gonar nan ita ce komai. Masara ya shuka, domin ita take kai su har wata kakar, shi da Saude da 'ya'ya biyar. Ya samu ya zuba takin gida tun da rani, masara ta tashi, saura taki na biyu, na zamani, wanda dole a sa kafin ta ɗauki goyo. Saude ta sayar da tunkiyarta, shi ya fitar da ɗan waken suyan da ya rage, aka haɗa dubu arba'in da biyu, kuɗin buhun yuriya cif. Lado ya ninke su ya sa a jakar kyamara, wurin da babu mai taɓawa. Ya ce jibi zai je Kwanar Dangora ya sayo.

Washegari da hantsi Inna Kaltume ta yi sallama a zaure. Tsohuwa ce da aure ya kawo ta Yako, amma asalinta mutuniyar ƙauyukan da ruwan Tiga ya cinye ce. Ta zauna, suka gaisa har da tambayar jikoki, sannan ta kwance wani ƙullin ɗankwali ta fito da hoto.

Baƙi da fari ne, ya koma ruwan ƙasa. Maza ne a jere gaban masallacin ƙasa, wasu a tsaye, wasu a tsugune, ga wata tsamiya ta leƙo ta gefe. Ta ce wani ma'aikaci ne ya ɗauke su kwana kaɗan kafin a tashe su, ya aiko da guda ɗaya tak ga mahaifinta saboda shi ne ladan. Ta ɗora yatsa a kan wani dogo mai rawani.

"Ga shi nan. Kullum in na buɗe sai in ga ya ƙara dusashewa. So nake ka sake mini shi kafin ya tafi gaba ɗaya. Nawa za ka yi mini?"

Lado ya yi lissafi a zuci. Motar Kano zuwa da dawowa dubu biyar. Mai kwamfuta zai karɓi dubu uku ya goge tabo ya fito da fuskoki. Wankin babban kati ɗari tara, leda ɗari uku. Kafin ya ci ko sisi, dubu tara da ɗari biyu sun tafi.

"Inna, dubu goma."

Ta dube shi kamar ya zage ta. "Dubu goma, ɗan nan? Hoto ɗaya? Ai ba sabon mutum na ce ka ƙera mini ba. Dubu biyu gare ni, na kuɗin daddawa."

"Albarka, Inna. Ko kuɗin mota bai kai ba."

Ta fara mayar da hoton cikin ɗankwali. A nan ne idon Lado ya yi abin da ya saba. Kafin ta rufe, leɓɓansa sun gama motsi. Ashirin da bakwai.

"Dakata, Inna. Waɗannan mutanen, kin san su duka?"

"Yo wa zan kasa sani? A gabansu na yi tallan fura."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wannan ya rasu, 'ya'yansa suna kamun kifi a bakin Tiga. Wannan ma ya rasu, zuriyarsa suna Badafi. Waɗannan biyun wa da ƙane ne, nasu sun yi Tudun Wada. Wancan mai gemun Doguwa ya nufa. Lado yana rubutawa a bayan tsohon kalanda. Kuɗin mota da na kwamfuta ai ɗaya ne, ko kwafi ɗaya ko talatin. In ya wanke ashirin da bakwai, zai kashe dubu arba'in da ɗari huɗu. In ya sayar dubu biyu da ɗari biyar kowanne, buhunsa zai dawo har da rabin wani a kai. Kuma wa zai ga mahaifinsa da bai taɓa samun hotonsa ba ya ƙi saye?

"Kawo dubu biyun, Inna. Na sallama."

Saude tana tankaɗe lokacin da ya faɗa mata. Ta ajiye rariya.

"Malam, kuɗin takin?"

"Mako ɗaya ne. Ko mako ma ba za a yi ba."

"Masara ba ta san mako ɗaya ba. Kuma tunkiyata ce."

"Saude, sana'ata ce. Kafin in aure ki nake yin ta."

"Na sani. Amma wannan lissafin dokin Rano ne." Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Gaskiya ba kwaɗayi ne ya ja shi ba, ko da yake masu faɗa sun faɗa daga baya. Mutum ne da ya shekara goma ba a neme shi ba, sai ga aiki irin nasa ya shigo zaure da ƙafarsa. Ranar da ya shiga motar Kano har sabuwar hula ya sa.

A Kano, Mujitaba mai kwamfuta ya yi aiki mai kyau, ba a rage masa. Ya goge tabon ruwa, ya haskaka fuskoki, har zanen hular wani ya fito. Da Lado ya ce a wanke ashirin da bakwai, sai ya ɗago kai.

"Baba, duk an biya ka?"

"Za su biya."

Mujitaba ya ɗaga kafaɗa ya danna na'ura. Katunan suka riƙa fitowa da ɗuminsu, Lado yana shinshina su a ɓoye. Ya dawo gida da kwali a cinya, ya hana kowa a motar ya jingina da shi. Inna Kaltume ta karɓi nata, ta daɗe tana kallo, ta tafi tana share ido da gefen mayafi.

Abu na farko da lissafinsa ya manta shi ne mai. Kawunan biki a gida ɗaya suke taruwa, waɗannan kuwa ruwa ya watsa su ƙananan hukumomi huɗu. Dubu biyun Inna da 'yan canjin da suka rage duk suka shige tankin babur. Abu na biyu kuwa sai da ya isa bakin Tiga ya gamu da shi.

Malam Uzairu masunci yana gyaran koma a ƙofar gida. Bayan gaisuwa Lado ya zaro kati ya miƙa masa, ya gyara tsayuwa irin ta da, yana jiran hannu ya tafi aljihu. Dattijon ya kai hoton kusa da ido, ya nesanta, ya sake kusantowa. Sai ya ɗora yatsa a kan ɗaya daga cikin mazan.

"Baffa ne. Wallahi Baffa ne. Ga ma tsamiyar."

Ya miƙe ya shiga gida yana kira. Aka fito, mata suna leƙe ta bayan zana, jikoki suna ture juna. Aka shimfiɗa wa Lado tabarma, aka kawo fura. Malam Uzairu ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ga mamatan da ke cikin hoton, ga iyayen Lado, ga zuriyar Lado har tattaɓa kunne.

"Shekara hamsin ba wanda ya tuna da mu," in ji shi. "Sai kai da ba ka haɗa komai da mu ba, ka taso takanas ka kawo mana wannan. Allah ne kaɗai zai biya ka."

To, ka faɗa mini ta ina dubu biyu da ɗari biyar za ta fito daga bakin mutum a wannan wuri. Lado ya buɗe baki, sai ya ce amin. Aka ɗaure masa busasshen kifi a bayan babur. A unguwar nan kaɗai ya raba kati shida, domin Malam Uzairu da kansa ya riƙe hannunsa ya kai shi gida-gida yana cewa ga bawan Allahn da ya kawo mana iyayenmu. Wani ya ba shi tukwicin ɗari biyar, wata tsohuwa ta ba shi ƙwai uku.

A hanyar dawowa ya tsaya gindin wata ɗorawa ya kashe babur. A nan ya gane abin da Ghali bai taɓa faɗa masa ba, don shi ma bai sani ba. Mai rai ne yake sayen fuskarsa, don yana son ya ga ya yi kyau. Fuskar mamaci kuwa ba haja ba ce a wurin mutanen nan. Wanda ya kawo maka ita zumunci ya yi, kamar wanda ya zo gaisuwa, kuma ba a taɓa jin wanda ya je gaisuwar mutuwa ya miƙa hannu a biya shi ba. Ya ji tsoro ya kama shi sosai.

Badafi ta zo da nata salon. Can ya tarar da Jamilu, jikan ɗaya daga cikin masu tsugune, malamin firamare mai fara'a. Ya karɓi katin, ya yaba aikin, ya ɗora shi a kan benci inda haske yake, ya zaro waya ya ɗauka. Yatsunsa suka yi 'yan motsi.

"Shi ke nan, Baba, na tura wa dangi gaba ɗaya. Har na Tudun Wada da na Doguwa yanzu sun gani. Ka ga na rage maka wahalar tafiya."

Ya miƙo masa katin da hannu biyu, cikin ladabi. Da zagi ya yi da Lado ya sami abin ramawa.

Duk da haka ya tafi Tudun Wada, da man da ya saya da kuɗin tukwici. A hanya ya yi wa kansa alkawari: wannan karon kuɗi zai fara faɗa kafin kati ya bar hannunsa. Ya sami ɗan ɗaya daga cikin masu hoton a rumfarsa, wani Alhaji Ado mai sayar da hatsi, mutumin da dubu biyu da ɗari biyar ba ta kai kuɗin goronsa ba. Suka gaisa. Lado ya riƙe katin a ƙirji.

"Alhaji, hoton mahaifinku ne na sake wankewa. Dubu biyu da ɗari biyar ne."

Alhaji ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Na gani a waya. An ce wani bawan Allah ne yake rabawa saboda Allah, har na sa maka albarka. Ashe talla ne."

"Alhaji, kuɗi na kashe. Mota, da kwamfuta, da..."

"Wa ya aike ka? A Tiga kyauta ka ba su. Ni da ka ga rumfa sai ka sa wa mahaifina farashi?" Ya zaro dubu ɗaya ya ajiye a kan buhu, ba a hannun Lado ba. "Ɗauki ka sha mai. Katin kuma riƙe abinka."

Lado ya ɗauka. Wannan ne abin da ya fi ci masa rai daga baya, cewa ya sunkuya ya ɗauka. Sauran gidajen Tudun Wada bai ƙara ambaton kuɗi ba. Inda aka yi kuka ya bayar, inda aka yi addu'a ya ce amin. Doguwa kuwa bai je ba, ba mai, ba kuma ƙarfin zuciya.

Kwana tara ke nan da fara yawo. Ya zauna a zaure ya zazzage jaka: kati goma sha ɗaya sun rage, kuɗi dubu uku da ɗari biyar, na Alhaji da 'yan tukwicin da ya tsinta. Kifin an ci, ƙwan an ci. Labari kuma ya rabu biyu a gari, masu cewa Lado waliyyi ne da masu cewa yana cin kasuwa da matattu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya tambaye shi yadda masararsa take.

Masara kuwa ta fara faɗar abin da ke damunta. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, karan ya tsaya siriri. Gonar maƙwabcinsa da ta sha taki tun makon jiya ta yi duhu har tana sheƙi, iyakar gonakin biyu ta fito kamar an ja layi. Saude ta je ta gani da idonta. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dai rage yawan garin da take tuƙawa tun daga ranar, ta ce gara yara su fara sabawa.

Ya nemi rance wurin mutum uku. Damina ce, kowa kuɗinsa yana cikin ƙasa.

Ranar Laraba ya goge kyamarar da tsumma, ya sa ta a jaka da fitilarta, ya tafi Kwanar Dangora. Mai gyaran waya na farko ko karɓa bai yi ba. Na biyu ya juya ta, ya leƙa, ya ce irin wannan ko a Kano an daina nema, amma jakar fata ce mai kyau.

"Duka dubu biyar, Baba."

"Da kuɗin bijimi guda na saye ta."

"A lokacin ke nan. Dubu shida da ɗari biyar, don girmanka."

Lado ya tsaya yana kallon motocin Zariya suna wucewa. Shekara talatin yana cewa albarka ana ƙara masa. Yau ya san in ya faɗa, yaron zai miƙo masa kayansa ne kawai.

"Na sallama," ya ce.

Wurin masu taki, buhu ya ƙara dubu biyu a kwanakin nan, amma wannan bai shafe shi ba. Masu awo ya nufa, inda ake sayar wa marasa ƙarfi kwano-kwano, dubu biyu da ɗari biyar kowanne. Dubu gomansa ta ba shi kwano huɗu. Aka ƙulle masa a leda baƙa, ya rataya a hannun babur inda jakar kyamara take zama.

Da sassafe suka fita gona shi da Saude, ƙasa da danshin ruwan jiya. Kunya sittin da biyu ce gonar. Suka tsaya a bakinta, ledar tana tsakaninsu.

"In muka barbaɗa wa duka, babu wadda za ta ji," in ji Saude. "Sai dai a zaɓa."

"Ke zaɓa."

"A'a, Malam. Gonarka ce."

Ya zaɓi gefen kwari, inda masarar ta fi alamar rai. Yana huda ƙasa da tsinke a gindin kowace, tana zuba murfin kwalba ɗaya tana rufewa da ƙafa. A kunya ta goma sha biyu Saude ta fara rage murfin zuwa rabi. A ta goma sha huɗu ta juye ledar, ta karkaɗe ta, ta lakace abin da ya manne a kusurwa da yatsa ta sa wa guda ɗaya.

Lado bai lura ba. Ya riga ya yi gaba, yana ta huda ramuka a kunya ta goma sha biyar.

"Malam," ta ce.

Bai juyo ba.

"Baban Zahra'u. Ya ƙare."

Ya miƙe da tsinken a hannu. Gabansa kunya arba'in da takwas ne, rawaya, har bakin hanya. Ya dube su, ya dubi ramukan da ya huda. Sannan ya dawo baya a hankali yana rufe su da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, ba komai a ciki.